Tausar hannu da ƙafa: inda take amfani da inda take ɓarna

Mutumin karkara da hannunsa da ƙafarsa yake ci. Manomi yana wuni riƙe da ƙotar hauya. Mace tana tashi da taɓarya, ta ja guga a rijiya mai gaba 20 ko 30, ta ɗauko icce daga daji. Ranar kasuwa a taka kilomita 10 ko 15, a komo. In dare ya yi hannu yana zogi, ƙafa tana zafi kamar an taka rairayi da rana tsaka. A nan ne tsoho yake kiran jikansa ya ce: «Kai, ɗan nema, zo ka matsa mini sawu.» Jikan ya ce sai an biya shi. A yi dariya, a yi tausa, tsoho ya yi barci.

Tausa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ungozoma tana yi wa mai jego. Uwa tana yi wa jinjiri da man kaɗe bayan wanka. Ɗan kokowa ma abokansa suna murza masa gaɓoɓi kafin ya shiga fili.

To, yanzu wata sabuwar magana ta shigo. Wayar salula ta kai ƙauye. Ana tura wa mutane hoton tafin ƙafa, an rarraba shi gida-gida da launi, kamar taswira. Nan an rubuta hanta, nan ƙoda, nan ido. Ana cewa duk wanda ya danna wurin, abin da aka rubuta ya warke. Turawa suna kiran wannan refleksoloji. Akwai gaskiya a cikin maganar, akwai kuma abin da ba gaskiya ba. Wanda bai rarrabe su ba yana iya asarar kuɗinsa. Wani lokaci asarar ta fi ta kuɗi.

Daga ina taswirar ta fito?

Daga Amurka ta fito. Akwai wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro, sunansa William Fitzgerald. A 1917 shi da wani abokin aikinsa suka buga littafi. A ciki ya ce jikin mutum ya kasu tsaga 10, daga kai har ƙafa, 5 a dama, 5 a hagu. Kowace tsaga tana ƙarewa a yatsa ɗaya na hannu da yatsa ɗaya na ƙafa. Ya ce in aka matse yatsa, zafin da ke cikin tsagarsa zai ragu. Yana sa marasa lafiya su ɗaure yatsunsu da roba, ko su damƙe matajin kai a tafin hannu har haƙoransa su shiga fata.

Bayansa sai wata mata mai suna Eunice Ingham, wadda aikinta tausa da motsa gaɓoɓin marasa lafiya ne. Ita ta maida hankali ga ƙafa. Ita ta zana jiki duka a tafin sawu, ta buga littafinta a 1938. A taswirarta babban yatsa shi ne kai. Tudun da ke ƙarƙashin yatsu shi ne ƙirji da huhu. Tsakiyar tafi ciki ne, da hanta da ƙoda. Dunduniya ƙugu ce. Gefen ƙafa na ciki kuma, daga babban yatsa zuwa dunduniya, ƙashin baya ne. Hotunan da ke yawo a waya yau, jikokin wannan taswira ne.

Masu wannan sana'a suna son su ce abin ya daɗe ƙwarai. Suna nuna wani kabari a Sakkara, a ƙasar Masar, mai shekara fiye da 4000. A bangonsa an zana mutane zaune ana riƙe musu hannu da ƙafa. Masana tarihi wasu sun ce tausa ake yi, wasu sun ce gyaran farce ne. Ko wanne ne, babu taswira a bangon. Taswirar ba ta cika shekara 100 ba.

An gwada ta

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Likitoci sun san hanyar kowace babbar jijiya a jikin ɗan Adam, kamar yadda direba ya san hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Ba su sami jijiyar da ta tashi daga tsakiyar tafi ta nufi hanta ba. Ba su sami wadda ta haɗa yatsa da ido ba. Har ma taswirorin ba su yarda da juna ba. Wurin da wannan ta sa zuciya, waccan ta sa wani abu dabam.

A Ingila, a shekarar 2000, an fitar da sakamakon wani gwaji. An kawo marasa lafiya waɗanda likitoci suka riga suka san ciwonsu. Aka kira masu refleksoloji, ba a gaya musu ciwon kowa ba, aka ce su lalubi ƙafa su faɗa. Ba su iya faɗa daidai ba. A wasu gwaje-gwajen kuma an raba mutane kashi 2. Kashi ɗaya an danna musu wuraren taswira, kashi ɗaya an yi musu tausa kawai, irin ta kowa. Da aka auna, ba a ga taswira ta fi tausar banza ba. A 2009 wani malamin likitanci, Edzard Ernst, ya tara gwaje-gwaje 18 ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce babu hujja mai ƙarfi cewa refleksoloji tana warkar da wata cuta. A 2015 gwamnatin Ostareliya ta yi nata bincike, ita ma ba ta sami hujja bayyananna ba.

A makarantar yaƙi da jahilci ba a rasa dattijon da zai ɗaga hannu a nan. Zai ce:

«Malam, ni fa gani ya kori ji. Kaina yana ciwo, yarona ya danna mini babban yatsa, kafin la'asar ciwon ya tafi.»

Malami sai ya ce:

«Gaskiyarka, Baba. Amma da ake dannawa, a ina kake?»

«Kwance a inuwa.»

«An ba ka ruwa?»

«Na sha fura ma.»

To, ga amsa nan. Ciwon kai na rana da ƙishirwa da yunwa, inuwa da ruwa da hutu suna kore shi. Ciwo da yawa kuma da kansu suke wucewa, ko an yi magani ko ba a yi ba. Tausar ta taimaka, don ta sa dattijon ya kwanta ya saki jiki. Da dunduniya aka danna maimakon yatsa, da haka za a samu.

Me ya sa tausa take rage zafi?

Kowa ya ga yaron da ya yi tuntuɓe. Kafin ya yi kuka, ya riga ya kama yatsan yana murzawa. Ba wanda ya koya masa. A 1965 wasu masana 2, Melzack da Wall, suka bayyana dalili.

Fata tana aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiyoyi. Saƙon taɓawa yana da jijiyoyinsa, masu kauri, masu sauri. Saƙon zafi yana da nasa, sirara. Dukansu sai sun bi ta laka, wadda ke cikin ƙashin baya. A nan akwai wani abu kamar ƙofar garke. In shanu suka cika ƙofa, akuya sai ta jira. Haka in saƙon taɓawa ya yi yawa, saƙon zafi kaɗan ne yake wucewa. Zafin bai mutu ba, an dai tsare masa hanya. Shi ya sa in ƙaya tana cikin ƙafa, da an daina murzawa zafi yake komowa.

Tafin hannu da tafin ƙafa suna cikin wuraren da suka fi ji a jiki. Don haka tausarsu take da daɗi. Naman da ya ɗaure saboda aiki yana saki. Wurin yana ɗumi. Mutum yana samun natsuwa, numfashinsa ya daidaita, barci ya zo. Wanda ya daɗe kwance yana jinya kuwa, hannun ɗan uwa a jikinsa yana gaya masa ba a yar da shi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Likitoci ba su raina tausa ba. A 2018 hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta sa tausa da gashi da tsumma mai ɗumi cikin abubuwan da za a iya yi wa mai naƙuda don rage mata zafi, in tana so. Amma naƙuda a gaban ungozomar likita ake nufi. Tausa ba ta juya ɗan da ya zo a gicciye, ba ta tsaida jini.

Yadda ake tausar ƙafa

Ba a bukatar sayen komi. Ruwa da sabulu, da ɗan man kaɗe ko man gujiya, sun isa. Mai tausa ya yanke farcensa, ya wanke hannu. Wanda za a yi wa ya wanke ƙafa, ya goge ta sosai, har tsakanin yatsu. Namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace, miji da mata su yi wa juna. Mijin da matarsa ta wuni tana daka da jan ruwa, in ya matsa mata hannu, rawaninsa ba ya faɗuwa.

A zauna bisa tabarma. A ɗora ƙafar a cinyar mai tausa. A ɗebi mai kaɗan, kamar ƙwayar gujiya 2, a murza a hannu ya narke. Mai da yawa yana sa hannu santsi, ba ya kamu.

A fara da shafa. Hannu 2 su rungumi ƙafar, su tashi daga yatsu, su bi ta idon sawu, su hau sharaɓa har kusa da gwiwa. A hau da ɗan ƙarfi, a sauko a hankali. A yi haka sau 10. Wannan shi ne sallama. Ba a shiga gidan mutane ba sallama, ba a kuma fara danna ƙafar da ba ta yi ɗumi ba.

Sannan a koma tafi. Yatsu 4 su riƙe bayan ƙafa, babban yatsa ya yi aiki. A danna da tsokar yatsa, ba da farce ba. A ƙirga 1 zuwa 5, a ɗaga, a matsa gaba kaɗan, a sake dannawa. A bi layi daga dunduniya zuwa gindin yatsu, kamar mai shuka yana bin rami. In layi ya ƙare a koma a kama na kusa da shi. Layi 4 ko 5 sun gama tafi. Inda mutum ya ce nan ne ya gaji, a daɗe a wurin, a riƙa kewaya yatsa a hankali.

Ga wani kuskure da ya kamata a kiyaye. Masu taswira suna cewa inda ya yi zafi nan cuta take, a danna da ƙarfi. Wasu har da tsinke ko ƙaramin icce suke dannawa. Kada a yi haka. Tausa mai kyau tana sa mutum ya lumshe ido. In ya janye ƙafa, ko ya cije baki, ƙarfin ya yi yawa. A riƙa tambaya: «Baba, haka ya yi, ko in rage?»

Yatsu kuma a kama su ɗaya-ɗaya. A murza daga gindi zuwa kai, a ja kaɗan. Ba dole sai sun yi ƙara ba. A tallabi dunduniya da hannu ɗaya, a juya ƙafar sau 5 dama, sau 5 hagu. A matsa agara da yatsu 2 a hankali. A rufe da shafa kamar yadda aka fara. Minti 10 ya ishi ƙafa ɗaya. In an gama a goge man da ke tafi, don kada mutum ya zame. Kada a bar mai a tsakanin yatsu, laima a wurin tana kawo ƙaiƙayi da tsagewa. Dunduniya mai kaushi da faso ita ce ke son mai, kowane dare.

Wanda ba shi da mai yi masa, ya yi wa kansa. Ya zauna bisa kujera, ya sa kwalba ko totuwar masara a ƙarƙashin tafi, ya riƙa mirgina ta gaba da baya. Wannan yana taimakon mai ciwon dunduniya, irin wanda takun farko na safe yake yi masa kamar an soka ƙusa. Wanda kuma sharaɓa take ɗaure masa cikin dare, ya miƙe ƙafar, ya kama yatsu ya jawo su wajen ƙwauri, ya riƙe har ta saki. Bayan nan ya shafa. Mai tsayuwa da yawa, kamar mai tuya a kasuwa, in ta komo gida ta kwanta ta ɗora ƙafafu bisa matashi ko turmi na ɗan lokaci.

Hannu

Na hannu ya fi sauƙi, ana yinsa ko'ina. A buɗe tafin, a danna shi da babban yatsa daga tsakiya zuwa gefe. A daɗe a tudun da ke gindin babban yatsa, don shi ne yake shan wahalar ƙota da taɓarya da igiya. A murza yatsu ɗaya-ɗaya. A matsa tsakanin ƙasusuwan bayan hannu. A juya wuyan hannu. Kada a manta da damtse na ƙasa, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, don naman da ke motsa yatsu da yawansa a can yake. Masu koyon rubutu sun san wannan. Hannun da ya saba da hauya, in ya riƙe alli rabin awa, yakan ƙage.

Ana yawan cewa matse naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni yana maganin ciwon kai. Wanda ya so ya gwada. Amma ya sha ruwa, ya shiga inuwa, kuma ya karanta abin da ke tafe.

A duba kafin a taɓa

Ƙafa da hannu suna ba da labarin jiki, wannan gaskiya ne. Sai dai da ido ake karanta labarin, ba da taswira ba. Mai tausa shi ne yake ganin ƙafar tsoho da ta yaro kusa-kusa. Sau da yawa shi zai fara ganin abin da zai ceci rai. Saboda haka a kai ƙafar wurin haske a duba ta, sama da ƙasa da tsakanin yatsu.

In ƙafa ɗaya ta kumbura, sharaɓa ta yi zafi da tauri, ɗayar kuwa lafiya lau, kada a taɓa. Yana yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. In aka murza, gudan jinin yana iya tsinkewa ya tafi huhu, mutum ya mutu nan take. Wannan ya fi samun mai ciki da mai jego, da wanda aka yi wa aiki, da wanda ya daɗe kwance. Ungozomomi da kakanni su riƙe wannan da kyau, don su ne masu tausar jego. A kai ta likita ranar.

In mai ciki ta kumbura a fuska da hannu, zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai, ga gani dishi-dishi, wannan ba gajiya ba ce. Jini ne yake iya hawa, bayansa jijjiga. A je a auna jininta ba tare da jiran ranar awo ba.

Yaro kuma, in ƙafafunsa 2 suka kumbura, ga yadda ake gwadawa. A danna bayan ƙafafun da manyan yatsu, a ƙirga 1, 2, 3 a hankali, a ɗaga. In rami ya zauna a duka biyun, alamar tamowa ce mai tsanani, ko da yaron yana kama da mai ƙiba. Abinci na musamman da magani yake bukata a likita. A duba tafin hannunsa ma, a gwada da na uwarsa. In ya yi fari fat, jini ya yi masa kaɗan. Jinjirin da hannuwa da ƙafafu suke kumbura masa, yana tsala kuka in an taɓa, a nemi a yi masa awon amosanin jini, wanda ake kira emasi ko sikila.

Akwai kuma ƙafar da ba ta jin komi. Ita ta fi ban tsoro, don ba ta kuka. Ciwon suga yana kashe jijiyoyin ƙafa sannu a hankali. Mutum ya taka ƙaya bai sani ba, gyambo ya kama, har a kai ga yanke ƙafa. Gwajin ba wuya. Mutum ya rufe ido. A taɓa kan babban yatsa, da na tsakiya, da ɗan auta, a kowace ƙafa, taɓi kaɗan ba dannawa ba. Yatsu 6 ke nan. In 2 ko fiye bai ji ba, a je likita. Irin wannan ƙafa ba a danna ta da ƙarfi. Ba a gasa ta da wuta. Ba a tsoma ta ruwan zafi sai wani ya gwada ruwan da gwiwar hannunsa. Ba a kai ta wurin wanzami a yi tsaga. Ba ta fita ba takalmi, kuma a zazzage takalmin kafin a sa.

Kuturta ma haka take farawa. Wani tabo ne a fata, mai haske ko ja-ja, ba ya ƙaiƙayi. In an shafa masa auduga, mutum ba ya ji. Daga baya hannu da ƙafa su mutu. Yatsun da ake gani sun gutsure, yawanci ƙuna da rauni ne da ba a ji ba suka cinye su. Kuturta tana warkewa. Maganin wata 6 ne ko wata 12, kuma tun 1995 OMS take ba da shi kyauta. Wanda ya kama shan magani ba ya ba kowa cutar. Asibitin Danja, kusa da Maraɗi, an daɗe da saninsa da wannan aiki. Mai tabo kada kunya ta sa ya tsaya ga tausa har yatsu su lanƙwashe.

Sauran wuraren da ba a tausa, kowa zai gane su: gyambo, ƙuna, maruru, sabon targaɗe, karaya. Wanda ƙusa ko ƙaya ta shige shi da zurfi, a wanke da ruwa da sabulu, a je a tambayi allurar sarƙe-haƙora. Saran maciji kuma ba a murza shi, ba a tsaga shi, ba a tsotse shi. A cire zobe ko munduwa, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a amalanke ko babur zuwa likita.

Zazzaɓi ba ya jiran tausa

Babbar ɓarnar taswira ita ce ɓata lokaci. Ga misali. Damina ce, yaro ɗan shekara 3 ya kwana jikinsa da zafi. Wani maƙwabci ya zo da waya, ya nuna inda ake dannawa. Aka danna da safe, zazzaɓin ya sauka. Kowa ya ce abin ya yi. Amma masassarar cizon sauro haka take, tana sauka tana hawa. Da dare ta komo. Aka sake dannawa. Ƙwayar cutar kuwa tana cikin jini tana hayayyafa, babu yatsan da ya isa gare ta. Likitoci sun ce irin masassarar da ta fi yawa a ƙasashen nan tana iya tsananta har ta kashe cikin awa 24 in ba a yi magani ba. A likita, ɗigon jini ɗaya daga yatsa da minti 15 ko 20 sun isa a sani. A 2006 gwamnatin Nijar ta yafe kuɗin jinya ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, don dai kada kuɗi ya tsaida iyaye.

Yaron da ya ƙi nono ko ruwa, ko yake amai da duk abin da ya ci, ko yake jijjiga, ko ba ya farkawa sosai, ba a jira safiya. Mai zawo kuwa ruwan gishiri da suga yake so, tun daga zawon farko.

Da rani kuma, daga sanyi har bazara, lokacin sanƙarau ne. Ciwon kai mai tsanani, da zazzaɓi, da wuya ya sandare, mutum ba ya son haske. Ga jinjiri, maɗiga ce take tasowa. A 2015 sanƙarau ya kama mutum fiye da 8000 a Nijar, fiye da 500 suka rasu. Irin wannan ciwon kai, duk awar da aka ɓata ana matsa yatsa, an ba cutar ita.

Haka wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko ɓarin jikinsa ya mutu, ko maganarsa ta harɗe. Likita tukuna. In ya komo gida, a nan tausa take da babban aiki. A riƙa shafa hannu da ƙafar da suka shanye, a miƙe su a lanƙwasa su a hankali kowace rana, yadda aka nuna a asibiti, don kada gaɓoɓi su ƙage. Kada a ja shi ta hannun da ya mutu wurin tayar da shi, kafaɗar tana gocewa.

Mai hawan jini da mai suga da mai tarin fuka su ci gaba da maganinsu. A yi musu tausa su ji daɗi. Amma duk wanda ya ce su ajiye ƙwaya don zai danna musu ƙafa, ko don ya saida musu takalmi mai ƙusoshin roba, aljihunsu yake dannawa.

Aiki a makaranta

Malami ya raba ɗalibai biyu-biyu, maza dabam, mata dabam. Kowa ya duba hannun abokinsa, ya faɗi abin da ya gani: kanta, tsaga, tabo, kumburi. Sannan su gwada tausar hannu, minti 5 kowanne. Su gwada taɓin yatsu 6 da ido rufe. In da hali a gayyaci ma'aikacin likita na kusa, ya nuna yadda ake danna ƙafar yaro don neman kumburi.

Kowa ya ɗora hannunsa bisa allo ya zagaye shi da alli, ya rubuta sunan yatsun da ya sani. A tattauna: a wannan gari, wa yake yi wa mai jego tausa, kuma ta ji maganar ƙafa ɗaya mai kumburi? Daga nan zuwa likita kilomita nawa ne, kuma amalanken wa za a ɗauka in abu ya taso da dare?

Lissafi: hannu ɗaya yana da ƙashi 27, ƙafa ɗaya tana da 26. Jikin babban mutum duka yana da ƙashi 206. Ƙashi nawa ne a hannu 2 da ƙafa 2? Nawa suka rage wa sauran jiki?